Wanda Ya Bar Giya, Da Wa Zai Zauna Bayan Magariba?



Maganar yau tana da nauyi, amma a daure a karanta har ƙarshe. Tun shekarar 2000 aka ƙaddamar da shari'a a jihar Kano, Hisba kuma tana fasa kwalaben giya. Duk da haka, kai ma ka sani, burkutu da 'yar leda ba su ɓace ba. Daga Ruwan Bago zuwa Rogo da Ƙaraye, in ɗa ko ƙane ko maigida ya faɗa ciki, abin da aka saba yi shi ne a rufe ƙofa, a yi ta faɗa da tsinuwa a cikin gida, kar duniya ta ji.

A ganina, wanda ya yi niyyar bari, babban abin da yake buƙata bayan tuba shi ne abokan zama waɗanda suka san wahalar. Ka duba mana. Mashayi yana da majalisarsa, yana da lokacin fitarsa. Ran da ya daina, ya rasa duka biyun. Magariba ta yi, mutanen kirki suna gudunsa, tsofaffin abokai kuma suna ta kiran waya. To wa kake jin zai amsa wa? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likitan fiɗa Dakta Bob Smith, suka gano cewa in suna zama suna tattauna matsalarsu, sun fi iya riƙe kansu. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, yau tana ƙasashe kusan 180. Ba a biyan kuɗin shiga, sunan farko kawai ake faɗa, abin da aka ji a wurin ba ya fita, kuma alƙawarin kullum na yini ɗaya ne: yau dai ba zan sha ba.

Wani zai ce, ai addini ya umarci mutum ya rufa wa kansa asiri. Haka ne. Amma mai bugun ƙirji da saɓo daban, mai neman magani daban. In ka buɗe wa likita ciwonka ba tallar kanka ka yi ba. A Sahihul Buhari akwai labarin wani sahabi mai suna Abdullahi da aka sha kawowa saboda giya ana yi masa haddi. Da wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. Ka ga an hukunta shi, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Mu fa?

*To ina za a samu irin wannan zama?* A inda shan giya laifi ne, kar ka sa ran ganin allo a bakin titi. Ga hanya:

*1. Fara da asibiti.* Wanda ya daɗe yana sha kullum, kar ya yanke lokaci ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Cikin awa 6 zuwa 24 karkarwa da gumi da amai kan fara, wani ya yi jijjiga, wani a kwana na 2 ko na 3 ya shiga sambatu da gane-gane. Wannan fa yana kisa, kuma ba aljanu ba ne. A yi addu'a, amma a garzaya da shi babban asibitin Rogo ko na Ƙaraye. Zuma da habbatus sauda suna da amfaninsu, sai dai ba sa tsayar da wannan jijjigar.

*2. Yi wa likita tambaya kai tsaye.* A asibitin Dawanau, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, ka ce: “Akwai zaman da masu barin shaye-shaye suke yi tare?” Hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba. Mai jin Turanci kuwa, ana irin wannan zama ta intanet kullum.

*3. In tafiya ta yi nisa, ku kafa naku.* Mutum uku sun isa. A samu zaure ko shagon wani amintacce, sau ɗaya a mako bayan isha'i. Wanda ya fi daɗewa da bari ya jagoranta. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, ba katsewa, ba gori. Wanda ya zo a buge, a ce ya dawo in ya wartsake. Wanda ya zame ya sake sha, a tashe shi, a ci gaba. Kowa ya riƙe lambar ɗan uwansa, don in sha'awa ta taso da tsakar dare ya san wanda zai kira. In za a sa liman, a zaɓi mai riƙe sirri.

*4. A guji mari da bulala.* A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana tsare ƙafa, amma ran da aka kwance, majalisar nan tana jiran sa.

Maigida, in ɗanka ne, kai za ka raka shi asibiti. Uwargida, in mijinki ne, ki nemi babban da yake jin nauyinsa. In kuma yana dukanki ko dukan yara, tsira da lafiyarku shi ne farko. Kai kuma da kake karanta wannan a ɓoye, ka san da kai ake, ka nemi mutum ɗaya ka gaya masa gaskiya a makon nan.

Allah Ya shirye mu da zuri'armu, Ya ba marasa lafiya sauƙi. A tura wa wasu, ba a san wanda zai amfana ba.