Wai Mu Ne Masu Karatun Mahaukata?

'Yan'uwa ɗalibai, an daɗe ana yi mana ba'a a ɗakin cin abinci da ɗakunan kwana. Da zarar mutum ya ce ilmin halayyar ɗan Adam yake karantawa, sai wani ya ce, "To, faɗa mini abin da ke zuciyata." Wani kuma ya ce, "Allah ya sawwaƙe, mai karatun mahaukata shi ma yana hanya." Iyaye kuwa tambayarsu ɗaya ce: me ya hana ka likitanci ko lauya?

To, bari mu yi magana. Mu ba 'yan duba ba ne. A shekaru huɗu na digirin farko ana koya mana lissafin ƙididdiga, da aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da yadda hankalin yaro yake girma, da yadda ake gwada magana kafin a yarda da ita. Digirin nan bai mai da kowa likita ba. Mai son duba marasa lafiya sai ya ƙara karatu. Amma malamin makaranta, da mai kula da fursunoni, da mai ɗaukar ma'aikata, duk suna bukatar abin da muka sani.

Masu cewa ilmin Turawa ne, ba ruwan Musulmi da shi, su ma sun yi kuskure. Gaskiya ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji na farko a Leipzig ta Jamus a 1879. Amma Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya riga ya yi littafi a kan tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, da hanyoyin magance su. A nan Nijeriya, Dokta Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, tare da danginsu. Jami'ar Nsukka kuwa ta buɗe sashen wannan fanni tun 1964.

Ga abin da rainin nan yake jawo mana. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu, domin yaro ya gagara ko ya faɗa shaye-shaye, kuma ba su san inda za su nufa ba. Dokar mahaukata ta 1958 ta zauna a kanmu har Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Shin doka za ta tashi ta yi aiki da kanta? Wa zai zauna da yaron nan ya saurare shi, in duk mun gudu daga fannin don tsoron dariya?

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta nemi a ƙarfafa ofishin ba da shawara a jami'a, ga gwamnatocin jihohi kuma su buɗe mana guraben aiki a makarantu da asibitoci. Mai yi mana ba'a yau, wataƙila gobe ƙaninsa zai kawo mana. In ya zo, za mu karɓe shi hannu biyu.