Kafin Ka Mayar Da Gidanka Masaukin Baƙi A PK5

Wata sana'a tana ƙara samun masu shiga a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, wadda aka fi sani da PK5, wato sauke baƙi 'yan kwana biyu ko uku a karɓi kuɗi. Mutum ya gyara ɗakin zaure, ko ya ƙara ɗakuna biyu a bayan gida, ya zuba katifa da fanka da gidan sauro, sannan ya bar sallahu wajen yaran tasha da 'yan kabu-kabu cewa in an samu baƙo a kawo masa. Masu ido a buɗe kuma su ɗauki hoton ɗakin su watsa a WhatsApp da Facebook. Ba mu ga aibin wannan ba ko kaɗan. Unguwar da ta sha wuyar da PK5 ta sha, duk wata kafa ta halal da magidanci zai ciyar da iyalinsa abin a yi murna ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, da yawa daga cikin sababbin shiga sun ɗauka ɗaki suke sayarwa, alhali ɗan kasuwar da ya kwaso kusan kilomita 600 daga Garwa Bulai da jarinsa a ɗaure a ƙugu, amana ya zo nema kafin katifa.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Tun zamanin fataken Gwanja, kowane zango yana da fatoma, mai masaukin da falke ke sauka a hannunsa. Shi zai ba shi ɗaki, matan gidansa su dafa masa abinci, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, in an sayi kaya bashi kuma shi ne zai tsaya. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a 1969 kan yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarabawa ya rataya a wuyan waɗannan masu gidaje. Mai shanu zai bar wa mahaucin da bai sani ba dabbobinsa bashi, don kawai mai gidansa ya ce ya tsaya. In mahauci ya gudu, mai gida ne zai biya, domin in bai biya ba labari zai kai Kano da Maiduguri kafin wata ya mutu, kuma ba mai ƙara sauka a ƙofarsa. Jarin fatoma ke nan, sunansa. Yau Turawa sun mayar da sauke baƙi sana'ar intanet, kamfanin Airbnb da aka kafa a Amurka a 2008 ya yi suna a kai, amma ko su da taurarin yabon da baƙi ke ba mai gida suke auna shi. Mu tamu tauraruwar a bakin direbobi take, da kuma hirar bayan sallar la'asar a harabar Masallacin Koudoukou.

Babban kuskure, wanda ya fi kowane haɗari, shi ne sauke mutumin da ba ka san ko wane ne ba. A wani gari wannan sakaci ne kawai, amma a PK5 yana iya cin unguwa. Ba mu manta da abin da ya biyo bayan 5 ga Disamba 2013 ba, lokacin da aka riƙa farautar Musulmi a Bangi, dubbai suka tsere zuwa Cadi da Kamaru a farkon 2014, waɗanda suka rage kuma suka taƙure a wannan unguwa, wasu a harabar masallacin nan suke kwana. Har Fafaroma Francis ya zo wannan masallaci a 30 ga Nuwamba 2015, lokacin da fita daga PK5 kasada ce da rai. Daga baya kuma matasan da suka ɗauki makami da sunan kare unguwa suka koma karɓar haraji a hannun 'yan kasuwa, har aka yi arangama a ƙarshen Disamba 2019, mutum fiye da 30 suka mutu, shaguna suka ƙone. Duk wanda ya rayu cikin wannan ya san cewa kalmar "baƙo" tana da nauyi a Bangi, domin da ita aka riƙa jifan mutanen da kakanninsu ma a nan aka haife su. In aka kama mutum ɗaya da makami ko da kayan sata a ɗakinka, ba sunanka kaɗai za a kira a rediyo ba, cewa za a yi PK5 ta sake.

Saboda haka littafin rajista ba ƙyale-ƙyalen masu otal ba ne. Ka sayi littafi, ka rubuta sunan baƙo, da lambar takardar shaidarsa, da garin da ya fito, da lambar wayarsa, da sunan wanda ya turo shi, da ranar da ya sauka. Mai unguwa ya san kana sauke baƙi, tun kafin ranar da za ka buƙaci ya yi maka shaida. Ka kuma san cewa ba duk baƙi ne takardunsu ɗaya ba. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙasashen CEMAC, wadda ta kankama a 2017, ta shafi 'yan Kamaru da Cadi da Kwango da Gabon da Ikwatoriyal Gini da Afirka ta Tsakiya ne, ɗan Najeriya da ɗan Nijar ba sa ciki. Wasu na ganin tambayar baƙo takarda cin fuska ne. Mu dai ba mu taɓa jin ɗan kasuwar kirki ya yi fushi don an tambaye shi wanda ya turo shi ba, hasali ma hankalinsa kwanciya yake yi, don ya san wanda ke ɗakin kusa da shi ma an tambaye shi.

Daga nan sai kunya, wadda ta kashe masaukai da yawa tun suna jarirai. Baƙo ya yi sallama, a kawo ruwa, a gaisa, ya ce nawa ne, mai gida ya ce, "Haba Alhaji, shiga ka huta, ai ba za mu ɓata ba." To da wannan magana ake ɓatawa. Baƙo yana lissafin jaka uku a zuciyarsa, mai gida yana lissafin jaka biyar, kuma ba wanda ya ce ko da abinci a ciki ko babu. Addini ya kwaɗaitar da karrama baƙo kwana uku, wannan kuwa don Allah ake yi, ba a karɓar ko dala. Amma in haya ce, malamanmu sun karantar da mu cewa sai an san kuɗin an kuma san wa'adin. Ka zaɓi ɗaya tun a zaure. Ka faɗi kuɗin kwana, ka faɗi lokacin da kwana ke ƙarewa, ka faɗi yadda za a yi in motar da baƙo ke jira ta makara, domin a hanyar Duwala zuwa Bangi kwana uku kan zama kwana goma ba da laifin kowa ba. Ka kuma faɗi irin kuɗin da za ka karɓa. Sefar da ɗan Maraɗi ya zo da ita ta bankin Afirka ta Yamma ce, tamu ta bankin Afirka ta Tsakiya ce. Darajarsu a takarda ɗaya ce, amma mai shago a PK5 ba zai karɓi waccan ba, ɗan canji kuma sai ya cire nasa. Wa zai ɗauki wannan giɓi? A yanke tun ranar sauka.

Inda aka fi zubar da mutunci kuwa shi ne wajen ajiya. Baƙo ya sayi kaya, ko ya kawo dilar atamfa da kwalayen takalma, ya ce a ajiye masa zai je Mbaiki ya dawo. Mai gida ya ce a tura ɗaki, ba a ƙirga ba, ba a kira kowa ba. Bayan mako biyu baƙo ya ce dila goma sha biyu ya bari, mai gida ya rantse goma sha ɗaya ya gani. Wataƙila ba maƙaryaci a cikinsu, ɗaya ne ya manta, ko yaron mota ya yi gaba da ita tun a tasha. Amma magana ta riga ta fita, kuma irin wannan magana ba ta komawa. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda aka ba ajiya ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya taɓa kayan, sai dai wa zai tabbatar da cewa ba ka yi sakaci ba in ɗakin ajiyarka da ɗakin kwanan yaranka makulli ɗaya ne? A ƙirga kaya a gaban shaida, a rubuta a takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya, ko a ɗauki hoto da waya a tura wa juna. Kuɗi kuwa a ƙirga su a ɗaure a gaban mai su. Kada kuma shaiɗan ya raya maka cewa ka ɗan juya su kafin mai su ya dawo. Da yawa daga cikin waɗanda ake nunawa da baki a kasuwanni ba da niyyar cin amana suka fara ba, cewa suka yi kwana biyu ne kawai za su mayar. In ba ka da ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, wanda ruwan damina ba ya shiga, ka gaya wa baƙo gaskiya ya kai kayansa sito. Gara ya ce gidan wane ba wurin ajiya, da ya ce gidan wane kaya na ɓata.

Dillanci ma haka. Fatoma na da yana cin la'ada, kowa ya sani, kuma ba wanda ya ce haramun ya ci. Abin da ba a yafewa shi ne ka kai baƙonka shagon ƙaninka ka ce nan ne mafi araha a duk Bangi, ka karɓi la'ada a hannun baƙo ka kuma karɓa a bayan fage a hannun mai shago. Baƙon da bai jin Sango bai jin Faransanci, da bakinka yake ciniki. Zai yi shiru a wannan zuwa, amma zai tambayi farashi a tasha kafin ya hau mota.

Maganar wuta da ruwa ba ta buƙatar dogon bayani ga mazaunin Bangi. Wutar ENERCA daga Bowali take zuwa, an ƙara da tashar hasken rana ta Danzi a 2023, amma har yanzu rabo ake yi, famfon SODECA kuma yana da ranakun hutunsa. Kada ka rubuta "wuta dare da rana" alhali ƙaramin faifan sola ɗaya gare ka. Ka ce akwai sola ta cajin waya da ƙwai biyu, akwai randa da jarkoki a cike, in ana son janareta ga kuɗin mai. Ka wanke zanin gado bayan kowane baƙo, ka duba gidan sauro ko ya yage, ka gyara makewayi. Falke yana jure talaucin masauki, ƙazanta da ƙarya ne ba ya jurewa.

Akwai kuma waɗanda ba a shawara da su alhali su ke ɗaukar nauyin, wato matan gida da maƙwabta. Gidan da baƙi ke ratsa tsakar gida su je makewayi, matan aure da 'yan mata suna ciki, an ɗauko rigima ko da baƙin salihai ne. A fitar wa baƙi ƙofarsu da makewayinsu daban kafin a sayi katifa. In uwargida ce za ta riƙa dafa abincin baƙi, a yanka mata nata kason, ba a ce ai duk gida ɗaya ne ba. Maƙwabci kuma da babbar mota ke toshe masa ƙofa da asuba yana da haƙƙi. Sannan mai gida ya san inda zai ja layi. Akwai masu neman ɗakin awa biyu, kuma kuɗinsu ya fi na falke saurin shigowa. Ranar da ka karɓi irin wannan kuɗi a gidan da ake jiyo kiran sallar Koudoukou, ka sallami Alhazan da ke sauka wurinka, don ba za su dawo ba, kuma ba za su gaya maka dalili ba.

Masu karatunmu na Jibiya da Illela da Birnin Ƙonni da Gamboru da Garwa Bulai, yawancinku baƙi ne a garin wasu, masu masauki a garinku, don haka kun fi mu sanin cewa wannan sana'a a kan hanya take rayuwa. Shi ya sa muke jin tsoro in muka ga mutum ya ci bashi, ko ya sayar da shagonsa, ya gina ɗakuna shida don ya ga biyun farko ba sa kwana ba kowa. A tsakiyar Disamba 2020 'yan tawayen CPC suka datse hanyar Beloko zuwa Bangi, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a Garwa Bulai, ayari bai sake shigowa ba sai cikin Fabrairun 2021. Masu masaukin Bangi suka zauna da ɗakuna a buɗe, na Garwa Bulai kuma suka cika da direbobin da guzurinsu ya ƙare. 'Yan iyakar Najeriya da Nijar sun ɗanɗana irin wannan sau biyu, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Wanda zai gina ɗaki na uku ya fara zama da biro ya lissafa ko zai iya biyan bashinsa ya kuma ciyar da gida in aka yi wata uku ba mota ko ɗaya da ta shigo tasha. In lissafin bai fita ba, ya tsaya a ɗakuna biyun, ya bar shagonsa a buɗe.