WANDA BA YA IYA AJE AIKI, WA ZAI YI MASA MAGANA?



A watan Agusta na 2024 gwamnati ta rage kuɗin magani da rabi a likitocinta, ta kuma soke jika 150 ɗin nan da mai ciwon ƙoda yake zubawa kafin a ɗora shi bisa injin wankin ƙoda. Abin ya yi kyau, mun kuwa yaba. Jika 150 ba wasa ba ne ga talaka, kuɗin sa ne ko jinginar gona. To, amma in an sauƙaƙa shiga, masu shiga za su ƙaru, wannan lissafi ko yaron lakkol ya san shi. Wa zai tarbe su? Ma'aikatan jinya ne, waɗanda muke ce wa anfirmiye. Maganarsu muka kawo muku yau.

MENE NE AIKIN NASU?

Ƙoda ita ce rariyar jiki. Ita ke tace jini, ta fitar da dauɗa da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. In hawan jini ko ciwon sukari ya kashe ta, sai inji ya karɓi aikin. Wani likitan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera injin farko da ya yi amfani a 1943. Yau akwai irinsa a manyan likitocinmu, kamar ta Lamorde a Yamai da ta Damagaram.

Ga ƙa'ida, majinyaci yakan hau inji sau 3 a mako, awa 4 kowane hawa, ko da yake inda inji ya yi kaɗan akan mayar da shi sau 2. Ku yi lissafi tare da mu. Sau 3 a mako, hawa 156 ke nan a shekara. Kowane hawa ana soka manyan allurai 2 cikin jijiyar hannu, ɗaya ta fitar da jini, ɗaya ta mayar. Suka 312 ke nan a shekara bisa hannun mutum ɗaya. Jijiyar nan kuwa likita ne ya haɗa ta da fiɗa, ita ce hanyar ransa. Hannun da bai ƙware ba yana iya ɓata ta.

Jini yana fita jiki wajen lita ɗaya cikin minti 3 da ɗan abin da ya ɗara. In allura ta zame ba a gani ba, kafin a je a dawo mutum ya zubar da jinin da zai kai shi lahira. In iska ta shiga tiyo, haka. In aka janye ruwa da gaggawa, jini ya faɗi, mutum ya suma. Kowane hawa yana cin tataccen ruwa wajen lita 120, fiye da garwa 6, kuma in ruwan nan ya gurɓace, gubar cikin jini za ta wuce. In wuta ta ɗauke, injin ko-ta-kwana bai tashi ba, anfirmiye ne zai kama ya juya famfo da hannu, ya mayar wa mutum jininsa kafin ya daskare. Ba mu manta da 2023 ba, lokacin da aka yanke mana wutar da ke zuwa daga Najeriya.

Wannan shi ne aikin. Ido bisa inji, ido bisa fuskar majinyaci, tun asuba a haɗa inji, a sallami rukuni na farko, a wanke, a ɗora na biyu.

KASADAR DA KE CIKI

Mai wannan aiki wuni yake cikin jinin mutane. Ciwon hanta iri na B da na C ta jini suke bi, haka ma ƙanjamau. Allura ɗaya ta kuskure ta soki yatsa ta isa. Kada ku ce tsoratarwa ce. A birnin Edimbara na ƙasar Birtaniya, tsakanin 1969 da 1970, ciwon hanta ya ɓarke a sashen wankin ƙoda, ya kashe majinyata, ya kashe ma'aikata 4. Bayan irin wannan asara ne Turawa suka tsananta dokokin tsabta a sassan nan. Yau akwai rigakafin iri na B, allura 3 ce. Iri na C ba shi da rigakafi, sai safar hannu da kiyayewa. Ma'aikacin da ya gaji kuwa, kiyayewarsa takan ragu.

Akwai wata gajiya kuma da ba a gani. Majinyacin sauran sassa yakan warke ya tafi gida. Na wankin ƙoda yana dawowa mako bayan mako, shekara da shekaru, har ya zama kamar ɗan gida. Anfirmiye ya san sunan ƴaƴansa, ya san ranar da ya rasa kuɗin mota. Ran da gadonsa ya zama wayam, shi ne zai shimfiɗa wa wani.

MAKAMIN DA BA SU DA SHI

Ga inda maganar take. Kowane ma'aikaci makaminsa na ƙarshe shi ne ya aje aiki. Da shi ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi wata 5 suna ja da Faransa daga 1947 zuwa 1948. Da shi aka matsa har dokar ƙwadago ta 1952 ta fito, wadda ta tsayar da mako bisa awa 40. Direba ya aje mota, kaya su jira. Magini ya aje aiki, gini ya jira. Amma ƙoda ba ta jira. Wanda ya rasa inji, cikin ƴan kwanaki ruwa zai cika masa huhu, guba ta taru ta tsayar da zuciya. Anfirmiyen wankin ƙoda ya san haka fiye da kowa. Ko sandika ta kira yajin aiki, tilas a bar masu tsaron inji, kuma shi kansa zuciyarsa ba za ta bar shi ya kwanta gida ba.

Ashe ke nan tausayinsa ya zama igiyar ɗaure shi. Wanda aka tabbata ba zai tafi ba, ba a gaggawar biyansa. Hanya ɗaya ta rage masa, ya sulale shiru, ya koma likitar kuɗi ko ya ƙetare iyaka. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jera ƙasashe 55 da ma'aikatan lafiya suka yi musu ƙaranci ƙwarai, har ta ce kada a riƙa zuwa ana kwasar na cikinsu. Nijar tana cikin jerin. Wanda ya tafi kuwa ba a cike gurbinsa da takardar canjin wuri, don aikin inji sai an yi watanni ana koyo a gefen wanda ya iya.

MASU CEWA A'A

Wasu za su ce aikin jinya aikin lada ne. Gaskiya ne, Allah ya ba su ladan. Amma mai gidan haya ba ya karɓar lada, mai hatsi ma haka. Mai aiki a biya shi tun guminsa bai bushe ba, haka muka taso muka ji.

Wasu za su ce baitulmali ba kuɗi. Mu ce, a Abuja a 2001 shugabannin Afirka da bakinsu suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi domin lafiya. Kuma inji da tsada ake sayensa daga waje. A sayi doki a hana mai kiwonsa abinci, wannan tattali ne? Ranar buɗe sabon sashe manya ke yanka ƙyalle a ɗauki hoto, washegari a bar wa ƙananan ma'aikata nauyin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wasu kuma za su ce, don me su kaɗai? Ba mu ce su kaɗai ba. Yarjejeniya ta 149 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1977, ta ce a ba duk ma'aikatan jinya albashi da yanayin aikin da zai jawo mutane ga sana'ar, ya kuma riƙe su cikinta. Mun fara da waɗannan ne don su ne bakinsu ya fi ɗauruwa.

ABIN DA MUKE NEMA

1. A san aikin wankin ƙoda a matsayin ƙwarewa ta musamman, da takardar shaida, da matsayi a tsanin albashi.

2. A biya kuɗin kasadar jini kowane wata, tare da albashi.

3. A kafa iyakar majinyatan da mutum ɗaya zai tsare. Faransa ta sa doka a 2002: anfirmiye 1 ga majinyata 4 a babban sashe. Jinin ɗan Tasawa bai fi na ɗan Pari arha ba.

4. A yi wa kowane ma'aikaci rigakafin ciwon hanta kyauta kafin ya taɓa inji. Wanda ya kamu a bakin aiki, gwamnati ta ɗauki maganinsa.

5. A rubuta duk awar da ta haura ƙa'ida, a biya ta.

6. Duk mai tsaron inji da ke bisa kwantaragi ko aikin sa-kai, a ɗauke shi aiki na dindindin.

AIKIN RASSA

Kada wani ya ce wannan maganar ƴan birni ce. Majinyatan nan daga Madawa suke, daga Magarya, daga Dakoro, daga Birnin Ƙonni. Ku karanta takardar nan ga waɗanda ba su iya karatu ba, ranar kasuwa da bayan sallar la'asar. Ku nemi gidajen da ke da mai wankin ƙoda, ku ji daga bakinsu, ku rubuta, ku aiko mana. Kowane reshe ya kai buƙatun nan 6 ga hukumar lafiya ta jiharsa, da sa hannun jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Su ba su iya barin gefen inji su fito fili. Mu muna iyawa. Wanda ya karanta, ya miƙa wa na kusa da shi.