Wasiƙa Zuwa ga Makanikan Sama Road: Kafin Ku Ɗaura Famfon Sitiyari



Makon jiya wani Alhaji ya kawo mini Highlander ɗinsa ƙirar 2005, famfon sitiyarinta na kuka kamar akuyar da aka ɗaure a rana. Wata biyu kacal da sa masa sabo, kuma na uku ke nan. Da na leƙa robar man, sai na tarar da shi baƙi ƙirin, ragar da ke gindinta ta toshe da dauɗa. Ashe ba a nan gizo yake saƙa ba.

Famfo ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi. Saboda haka kafin ku ce wa mai mota ya je ya sayo wani, ku nemo makashin. Ku zubar da tsohon mai gaba ɗaya, ku wanke roba da tiyo. A zafinmu na Afrilu da Mayu, da kan haura digiri 40, tiyo yakan bushe ya tsage, iska ta samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.

Ku kula da mai. Tsofaffin Toyota da Lexus man giya na Dexron suke sha, amma Honda CR-V nata man daban ne. Wanda ya haɗa su, ya sayi rigima da kuɗinsa. Ƙaramar robar bakin famfo da woshar jan ƙarfe kuwa, ku sa sababbi, kada ku mayar da tsofaffi don tsimin 'yan canji. Bel kada ya yi sako-sako, kada kuma ku ja shi har ya ci boris.

Sannan fitar da iska, inda gaggawa ta fi cutar mu. Ku ɗaga ƙafafun gaba da jak, inji a kashe, yaro ya juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin, kuna ƙara mai. Sai kumfa ta ɗauke za a tayar da mota, kuma kada a danne sitiyari a ƙarshe ya wuce daƙiƙa biyar.

Motar nan gobe tana kan hanyar Illela ko Gusau, cike da iyali. Idan sitiyari ya ƙage a kwana, sunan garejinku za a fara kira.

Allah ya sa wa sana'a albarka.

Naku,
Wani tsohon makaniki, Sakkwato