Babur Mai Ƙafa Huɗu Na Ƙasar Sin: A Saya Ko A Bari?

Takardu sun yi ta zuwa wannan fili a kan magana guda, har na ga ya kamata in tattara su in amsa gaba ɗaya. Masu rubutowa, waɗansu manoma ne masu gonaki nesa da titi, waɗansu masu garke ne, waɗansu kuwa iyaye ne da 'ya'yansu suka dame su da roƙo. Abin da su ke tambaya shi ne, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu da a ke kawowa daga ƙasar Sin, wanda ya kan ratsa yashi da taɓo, kuma kuɗinsa bai kai na Japan ba ko kusa, shin yana da aminci? Mutum ya sa kuɗinsa, ko kuwa ya kame hannunsa?

To, jama'a, amsata ita ce tambayar tana bukatar gyara. Ba a cewa na Sin a yi shiru, kamar yadda ba a cewa dokin kasuwa a yi shiru, gama a kasuwa ɗaya a kan sami ingarma a kuma sami ƙuru mai ciwon baya. Abin da zai nuna maka ko ka yi ciniki ko ka yi asara, abu uku ne: sunan wanda ya ƙera, da inda za ka sami kayan gyara, da hannun da zai gyara. In waɗannan uku sun cika, araha alheri ce. In ɗaya ya ɓace, ka sayi biri a sama.

Bari in fara da asalin abin, don wanda bai san shi ba. Kamfanin Honda na Japan shi ya fito da irinsa a Amurka cikin 1970, amma mai ƙafa uku ne. Cikin 1982 kamfanin Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu, shi ne wanda ya bazu a duniya. A kan hau shi kamar babur, a riƙe ƙaho biyu kamar babur, sai dai tayoyinsa faffaɗa ne masu taushi, don kada su nutse cikin rairayi. Manoman Amurka da Ingila da Ostareliya suna zagaya gonaki da shi, suna bin tumaki, suna jan ƙaramin amalanke. Da mutanen Sin suka shiga ƙera shi, sai kuɗinsa ya faɗi har mai matsakaicin hali ya fara sa rai.

Masu ƙera shi a ƙasar Sin kashi biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazara mai yawa. Kashi na fari su ne masu suna, waɗanda su ke buga sunansu a jikin abin da suka yi, su naɗa wakilai a ƙasashe, su ba da garanti a rubuce. Cikinsu akwai CFMoto na birnin Hangzhou, wanda aka kafa cikin 1989, kuma cikin 2017 ya yi tarayya da kamfanin KTM na Turai don ƙera babura tare. Akwai Loncin na birnin Chongqing, wanda kamfanin BMW na Jamus ya ba shi aikin ƙera injunan waɗansu baburansa. Ka ga kuwa Bajamushe ba ya miƙa sunansa ga wanda bai iya aiki ba. Sai dai a sani, kayan waɗannan ba su ne masu arahar da ta ke ruɗin ido ba. Sun fi na Japan sauƙi, amma ba kyauta ba ne.

Kashi na biyu su ne marasa suna, ko kuwa in ce masu suna goma. Ƙananan masana'antu ne da su ke sayo inji a nan, taya a can, roba a wani wuri, su harhaɗa. Ɗan kasuwa ya je ya yi odar kwantena guda, ya zaɓi sunan da ya ga dama a manna masa, ya kuma faɗi kuɗin da zai iya biya, su kuwa su yi masa kaya daidai kuɗinsa. In ya matsa a rage, sai a rage kaurin ƙarfe, a sa waya siririya, a sa boris na banza. Baɗi in ka koma neman wannan suna, sai ka tarar ya ɓace, an fito da wani. Laifin nan rabinsa na mai ƙerawa ne, rabinsa na mai odar da ya ce a yi masa mafi araha. Irin waɗannan su ne wake ɗaya da ya ɓata gari, har a ke yi wa kayan Sin duka kuɗin goro.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, injin ba shi ne wurin tsoro ba. Ƙananan, masu girman cc 50 zuwa cc 125, yawancinsu kwaikwayon injin Honda Super Cub ne, wanda ya fito tun 1958, watau ɗan'uwan injin kwance da ke jikin roba-roba da ta cika garuruwanmu. Masu cc 200 zuwa cc 250 kuwa, da yawansu daga injin Honda CG aka kwaikwayo su, wanda ya fito cikin 1975. Waɗannan injuna an daɗe ana yin su, an san halinsu, ba su da wuyar sha'ani, kuma duk bakaniken babur na bakin kasuwa ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. In ana canja musu baƙin mai a kan kari, ana wanke matatar iska, su kan yi shekaru suna aiki.

Wahala tana cikin abin da ke kewaye da injin. Notuna su kan kwance saboda girgiza, walda ta kan tsage a inda aka yi ta da gaggawa, sarƙa ta kan saki, batir ya kan mutu da wuri, wayoyin wuta su kan ci tsatsa in sun sha ruwa, roba ta kan bushe ta farfashe cikin ranarmu. Duk waɗannan ana iya haƙuri da su. Amma akwai kayan da babur mai ƙafa biyu ba shi da su sam: gatarin baya, da hannuwan da ke riƙe da ƙafafun gaba, da mahaɗan sitiyari, da giyar komawa baya, da su kansu tayoyin. Fistin da fulogi ka same su a kowace kasuwa, amma ranar da gatarin baya ya lanƙwashe, in babu wakilin kamfani a kusa, sai ka jingine abinka a zaure kaji su riƙa kwana a kai. Wannan shi ne babban bambanci tsakaninsa da babur ɗin da muka saba da shi, kuma shi ne abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba.

Muna da darasi kuwa daga baburan ƙafa biyu. A ƙasar Biyetnam, wajen 2000 da 2001, baburan Sin masu araha sun mamaye kasuwa har suka ture na Japan. Ba a daɗe ba mutane suka gaji da zaryar gareji. Cikin 2002 Honda ya fito da wani mai sauƙin kuɗi da a ke kira Wave Alpha, jama'a suka koma gare shi, cinikin marasa suna ya durƙushe cikin 'yan shekaru. A nan ƙasarmu ma mun ga irinsa. Akwai lokacin da 'yan acaɓa ba su san komai ba sai baburan Sin, sa'an nan Bajaj Boxer na Indiya ya zo, ko da ya ke ya fi tsada, ya karɓe kasuwar, don mai neman abinci da babur ya yi lissafi ya ga kwanan da ya yi a gareji kwanan yunwa ne. Amma duk da haka waɗansu sunaye na Sin, irin su Haojue mai tarayya da Suzuki, ba su rasa masu saye ba, don sun tsare ingancinsu, kayan gyaransu kuma suna nan. Watau kasuwa ta kan tace da kanta, sai dai kafin ta tace, da kuɗin waɗanda suka yi gaggawa a ke biyan kuɗin makaranta.

Saboda haka manomin da ya rubuto, ina so ya yi lissafi irin na ɗan acaɓa. Kada ya tsaya ga kuɗin da zai ƙirga ran saye. Ya haɗa da kuɗin gyara na shekara uku, da abin da zai samu in ya tashi sayarwa, gama marar suna ba ya da daraja a hannu na biyu. Sa'an nan ya tambayi kansa, in abin nan ya tsaya tsakiyar damina, taki yana gida gona tana jira, mako nawa zai yi kafin kaya su iso, kuma nawa wannan jira zai ci masa? In ya haɗa duka, sau da yawa zai ga abin da magabata suka gani da suka ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Yanzu sai maganar da ta fi kuɗi nauyi, watau rai. Mutane suna ganin ƙafa huɗu sai su ɗauka ba ya faɗuwa. Ba haka ba ne. Abin yana da tsawo, ga shi tsakanin ƙafafunsa ba faɗi, in aka sha kwana da gudu ko aka bi gefen tudu sai ya kife, kuma manyansa su kan wuce kilo 300. Wanda irin wannan nauyi ya danne wa ƙirji a daji, ba kowa kusa, sai yadda hali ya yi. Saboda yawan mace-mace, cikin 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka. Cikin 2008 majalisar ƙasar ta yi doka cewa duk mai ƙera masu ƙafa huɗu ko mai shigo da su tilas ya cika sharuɗɗan tsaro guda, don a lokacin an yi ta shigo da masu araha waɗanda ba su bin ƙa'idar da manyan kamfanoni suka yarda da ita. A Ostareliya kuwa, daga watan Oktoba na 2021 aka tilasta a sa wa sababbin na aikin gona wani ƙarfe a baya wanda zai tokare ƙasa in abin ya kife, ya bar wa mahayi wurin numfashi. Honda da Yamaha da Polaris suka zaɓi su daina sayar da irinsu a can, CFMoto na Sin kuwa ya bi dokar ya ci gaba da ciniki. Na kawo wannan don a yi adalci, a ga mai suna ya kan bi doka in akwai doka. Inda babu mai dubawa kuwa, a nan marasa suna su ke juye kayansu.

Ga iyaye, maganata gajeruwa ce. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi. Ƙananan da a ke yi don yara su ne mafi araha, su ne kuma aka fi tauye wa birki da walda. Doguwar sirdin da ke kansa ba don goyo aka yi ta ba, an yi ta ne don mahayi ya riƙa gusawa gaba da baya yana daidaita nauyi, wanda ya ɗauki goyo ya hana kansa wannan. Kuma ba abin hawa kan kwalta ba ne, tayoyinsa na ƙasa ne, a kan titi su kan cije su jefar da mutum. Kukan yaro na rashin abin wasa kwana biyu ne ya wuce.

Wanda ya yi niyyar saye duk da haka, ga abin da zai yi. Kafin ya yi tayi, ya ce mai kanti ya nuna masa gatarin baya da taya da mahaɗin sitiyari na sayarwa, ya gani da idonsa a kan kanta, kada ya karɓi "suna hanya". Ya nemi sunan kamfani da lambar jiki a buge cikin ƙarfe, ba takardar da a ke mannawa ba. Ya sa a rubuta masa garanti da hatimi. Ya tafi da bakanikensa ya duba walda da birki. In ya kawo gida, tun bai hau ba a zubar da man da ya zo da shi a zuba mai kyau, a bi notuna ɗaya ɗaya a ɗaure, a daidaita sarƙa, gama a cikin akwati a ke kawo shi, yaron kanti ne ya harhaɗa. Ya kuma tsaya a kan mai faci, don iskar da tayarsa ke so ba ta fi kashi ɗaya cikin biyar na tayar mota ba, in aka cika ta kamar ta mota sai abin ya riƙa tsalle. Hular kwano kuwa ba a barinta, ko da daga gida zuwa bakin gona ne.

A taƙaice, mai gona ko mai garke wanda ke kusa da wakilin kamfani mai suna, kuma aikinsa matsakaici ne, ya saya, ba zai yi da-na-sani ba in ya kula da abinsa. Wanda ya iya riƙe sufana, yana son na shaƙatawa, kuma in ya lalace ba abincinsa ne ya tsaya ba, shi ma yana iya gwada mai araha da saninsa. Amma wanda zai sayar da sa ko ya ci bashi ya sayi marar suna, yana nesa da birni, ya dogara da shi don nomansa, ina ba shi shawara ya bari. Babur mai ƙafa biyu da amalanken shanu ba su da ban sha'awa kamarsa, amma kowane ƙauye akwai mai gyara su.

Masu irin wannan babur da suka shekara biyu ko uku da shi, ina roƙonsu su rubuto su faɗi abin da ya fara lalacewa, da inda suka sami kayansa, da kwana nawa suka jira. Za mu buga don 'yan'uwa su ƙaru. Haza wasalam, sai mako mai zuwa.