IN RUMBUN KWAMFUTA YA FARA TSAGEWA

Zancenmu na wannan wata a kan rumbu ne, amma ba na hatsi ba. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan akwati, masu gyara suna ce da shi had-dis. Nan take ajiye kome: sakamakon jarrabawar yara, rajistar aure da ta baftisma, hotunan iyali, da aikin da ɗanka ya yi shekara yana rubutawa a Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara. Ran da akwatin nan ya mutu, duk sun tafi tare.

Sau da yawa yakan ba da alama. Kwamfuta ta riƙa nauyi wajen tashi, takardu su ƙi buɗuwa, ka ji ƙas-ƙas daga ciki. Manomin da ya ga rumbunsa ya tsage ba ya fara cinikin sabo sai ya kwashe dawarsa. Haka kai ma. Tun yau ka kwafe muhimman abubuwa a filas, sa'an nan ka kashe ta.

To, wanne za ka saya? Iri biyu ne. Tsohon iri, wanda kamfanin IBM na Amurka ya fara fitarwa a 1956, faifai ne ke juyawa a cikinsa, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, ga kuma wata 'yar allura tana bin samansa. Ba ya son jijjiga ko faɗuwa. Sabon iri, SSD, ba abin da yake motsi a cikinsa, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba. Malamin da yake goya kwamfutarsa a babur daga Bakura zuwa Maradun, SSD ne nasa. Mai gigabait 256 ko 512 ya ishi aikin makaranta da na gida.

Kafin ka fid da kuɗi, ga abu uku.

Na fari, a buɗe kwamfutar a duba gurbin. Ta cinya takan ɗauki mai inci 2.5, ta tebur mai inci 3.5, dukansu da baki irin na SATA. Sababbi kuwa suna ɗaukar wani siriri, M.2. In dan aike ne zai sayo maka a Gusau ko Kano, ba shi hoton tsohon da sunan kwamfutarka.

Na biyu, yi hankali da na gwanjo. Araha ba ta ado. In ya zama dole, sa mai kanti ya haɗa shi a gabanka, ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce. Za ta nuna lafiyarsa da yawan sa'o'in da ya yi aiki. Shekara ɗaya sa'a 8,760 ce, sai ka yi lissafi da kanka.

Na uku, karɓi rasit da takardar garanti.

Amma ga gargaɗi. SSD yakan mutu ba sallama, ceto abin da ke cikinsa kuwa da wuya ƙwarai. Saboda haka a ƙarshen kowane wata a kwafe rajista da sakamako a wani wuri dabam, a ba wani amintacce ya ajiye a gidansa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.