A Daidaita Nauyin Tarakta Kafin Damina Ta Sauka

Tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976, gwamnatoci ke kashe maƙudan kuɗi wajen sayen taraktoci. Amma akwai wani ɗan ƙaramin al'amari da ba a cika kula da shi ba, wato daidaita nauyin taraktar da irin aikin da za ta yi. Sakaci da wannan yana cin mai da tayoyi, wani lokaci har da rai.

Ƙarfin inji ba ya amfani sai taya ta kama ƙasa. In tarakta ta yi rashin nauyi, tayoyin baya sai su yi ta juyawa wuri guda, mai yana ƙonewa a banza. In kuwa nauyi ya yi yawa, ƙasar gona takan danƙare, saiwa ta kasa ratsa ta. Masana sun daidaita a kan cewa sulɓin taya na kashi 10 zuwa 15 cikin 100 shi ne daidai ga taraktar da ke ja da tayoyin baya.

Auna wannan ba ya bukatar na'ura. A ƙirga juyi 10 na tayar baya garma tana cikin ƙasa, a sa alama, sa'an nan a ɗaga garmar a sake bin tazarar nan. In an sami juyi 8 da rabi zuwa 9, to, lafiya lau.

Gyaran ma ba shi da tsada. Ana zuba ruwa a tayoyin baya zuwa kashi 75 cikin 100, kowace lita tana ƙara kilo 1. A gaba kuwa ana rataya ƙarafan da aka ƙera domin haka, don aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyin ya tsaya kan tayoyin gaba. In ba haka ba, garma mai nauyi takan ɗaga kan tarakta, sitiyari ya ƙi aiki. Ɗora yaron mota a gaba a madadin ƙarfe ganganci ne tsantsa.

Saboda haka ya wajaba ma'aikatun gona su daina karɓar tarakta ba tare da ƙarafanta ba, su kuma horar da direbobin sassan hayar tarakta. Makarantun aikin gona su ma su koya wa ɗalibai wannan awo a fili. Tarakta dukiyar jama'a ce, kula da ita kuwa amana ce a wuyan ma'aikata.